Hannuna da Gyambon Baba

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, kowa a Gombe ya tashi haiƙan sai ya rufa ɗakinsa da kwano. A unguwarmu ta Kumbiya-Kumbiya, tun da safe ba abin da kake ji sai ƙarar guduma, masu bugawar kuwa rabinsu jiya-jiya suka ajiye fartanya suka zama kafintoci. Da iskar farkon damina ta taso wata rana da la'asar, sai ta ɓalle falle guda daga rufin maƙwabcinmu, ta yi sama da shi, ta sauke shi a ƙofar gidanmu inda Baba yake zaune yana saƙa. Gefen kwanon ya same shi a ƙwaurin dama, ɗan sama da idon sawu.

Baba masaƙi ne, iyayensa daga ƙasar Kano suka biyo auduga suka zauna a nan. Wanda bai san saƙa ba yana ɗauka aikin hannu ne kawai, alhali ƙafafu ne suke buɗe zare su rufe, hannu kuma ya jefa ƙoshiya. Masaƙin da ya rasa ƙafa ya tashi daga aiki. Ko da yadin kanti ya cika kasuwa a lokacin, Baba yana da mutanensa, Fulanin da suke zuwa daga rugage neman farin saƙi, kuma ban taɓa ganin ya wuni bai zauna a masaƙarsa ba sai ranar Juma'a.

Ina gidan mijina a Kagarawal aka aiko mini. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu kafin nan, ƙannena maza suna Kaduna, ba kowa a gidan sai Goggo, yayar Baba, wadda idonta ya fara yana. Maigidana ya ce in tattara in je in yi jinya har Baba ya miƙe. Na ce masa ko sati biyu ba zan yi ba.

Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sai dai ya kwashe fata da ɗan nama. Baba ya ce asibiti kam ba da shi ba. Akwai wani tsohon soja a bayan layinmu da ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya, kullum yana wucewa ta ƙofarmu da sandunansa biyu, ƙwas, ƙwas. Baba ya nuna hanyar da haɓa ya ce, "Can ana shiga da biyu a fito da ɗaya. Ke dai ki wanke mini, Allah zai sa ya kame."

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na yi aji huɗu a firamare, an koya mana cewa ƙazanta ce uwar cuta, an nuna mana hoton ƙuda a jikin allo. A gidan aurena ma har tsokanata ake yi, wai tukunyata ta fi fuskar wasu haske. Da Goggo ta kawo toka da wani garin saiwa za ta barbaɗa, na tare ƙofa na ce wallahi ba a ƙafar ubana ba. Da wata maƙwabciya ta zo da man shanu, na sallame ta da na gode a baki, na zubar a bayan ɗaki. Goggo ta ce, "To, likitan gida, mun zuba miki ido."

Ga yadda nake yi. Da asuba in tafasa ruwa da gishiri, in bar shi ya ɗan huce kaɗan, yadda hannu zai iya shiga da ƙyar. In ɗauko sabon tsumma in goge ciwon, in goge, har sai duk wani abu fari ko ruwan ɗorawa ya fita, jan jini ya fito. Ganin jinin nan shi ne yake kwantar mini da hankali, don a ganina dattin ya tafi ke nan. Sannan in ɗauko auduga, abin da ba ma rasawa a gida, wadda na gurje na shiɓe da hannuna, in danna a kai in ɗaure. Kafin washegari ta bushe ta manne da naman. Sai in kama gefe in ɓamɓare ta gaba ɗaya. Baba yakan damƙe bakin tabarma, gumi ya keto masa, amma ko uffan. In na gama ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Abinci ma na sa masa doka. Kowa a unguwa ya san mai ciwo ba ya cin gyaɗa, ba ya shan nono, ba ya cin ƙwai ko kifi, wai suna kawo mugunya. Wannan kam ban yi gardama da su Goggo ba, na ma fi su tsanani. Kunun kanwa da tuwo miyar kuka ba mai, shi ke nan abincinsa.

Sati biyu suka wuce, wata ya cika, aka shiga na biyu. Ciwon da bai kai ɗan yatsa ba ya buɗe ya kai faɗin bakin ludayi. Bakinsa ya yi kauri ya naɗe ciki, tsakiyarsa ta yi zurfi. Na daina kiransa yanka a raina, amma ban yarda kowa ya ce gyambo a gabana ba. Kullum da safe sai in ga wata 'yar yana fara-fara ta kewaye gefensa, siririya kamar yanar da take kwanciya a kan kunu, sai in ce ruɓa ce take yaɗuwa, in ƙara ƙarfin guga. Tsoro ya fara shigata, kuma duk lokacin da ya ƙaru sai in ƙara zafin ruwa. Har sau biyu na koma wankewa a rana.

Baba ya rame, wuyansa ya fito. Ya bar masaƙa da zare a kanta, kaji suna hawa. Rannan ya tashi da zazzaɓi da kaluluwa a matsematsinsa, ƙafar ta kumbura tana sheƙi, ja ya haura zuwa gwiwa. Na taɓa na ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. A ranar bai yi musun zuwa asibiti ba, don ba shi da ƙarfin yi. Maƙwabta suka ɗora shi a amalanke, ni da Goggo muka bi a baya.

Likitan Ba'indiye ne, irin waɗanda gwamnati ta riƙa kawowa a shekarun, ba ya jin Hausa. Mai fassara masa wata mata ce 'yar Tangale daga wajen Kaltungo, babba, mai ɗan gajeren gashi da furfura, ita ce mai wankin ciwo a wurin. Kowa Mama diresa yake ce mata. Likita ya duba ya daɗe, ya sa wani ƙarfe ya taɓa tsakiyar ramin, ya yi magana a taƙaice, ya ɗora gefen tafin hannunsa a ƙasan gwiwar Baba. Tun kafin a fassara na gane.

Mama diresa ta ce, "Baba, likita ya ce ciwon ya kusa ƙashi. Za a yi maka allura kullum don zazzaɓin. Ya ba ka kwana goma sha huɗu. In ka dawo ya ga ciwon ya fara haɗewa, to. In bai fara ba, za a cire daga nan, don kada ya tafi da kai gaba ɗaya."

Baba ya ce, "Inna lillahi," a hankali, ya kafa wa silin ido. Goggo ta fashe da kuka. Ni ko hawaye ban samu ba.

Ba gado a asibiti, mutane har a baranda. Mama diresa ta ce a unguwar Manawashi take zaune, za ta riƙa biyowa ta gidanmu in ta tashi daga aiki. Kafin mu tafi ta shigar da mu ɗakin wankin ciwo ta tambaya wa yake kula da ƙafar. Na ce ni ce, har da ɗan ɗaga kai, don ina so ta san ba a hannun jahilai yake ba. Ta miƙo mini ƙyalle da kwanon ruwa ta ce in nuna mata yadda nake yi. Na durƙusa, na naɗe ƙyallen a yatsa, na nufi farar yanar nan ta gefe. Sai ji na yi ta cafke mini wuyan hannu, riƙon da sai da ya bar shaida.

"Kullum haka kike yi?"

"Sau biyu ma a rana, Mama."

"Da me kike rufewa?"

"Auduga mai tsabta. Da safe in cire."

"Tana mannewa?"

"Tana mannewa, amma ina cire ta tas."

Ta saki hannuna ta zauna a kan benci. Ba ta yi mini tsawa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in matso in duba da kyau. "'Yata, wannan farin da kike gogewa ba ruɓa ba ce. Sabuwar fata ce. Haka take fitowa, ba ta da launi tukuna."

Ta ce a asibitin mishan inda ta koyi aiki an taɓa nuna musu a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Jiki ba ya rufe rami da fata kai tsaye. In jini ya daskare, yana barin wasu zarurruka sirara da ido ba ya gani, sun gitta ramin. Sai wasu ƙananan halittu na jikin mutum su biyo zaren nan su shigo, su shimfiɗa wani zaren da ya fi ƙarfi, shi ne jan naman nan mai gudaji-gudaji da yake cike rami daga ƙasa. Bayan nan fata take tasowa daga baki-baki, tana kama zaren tana jan jiki, tana kamawa tana matsawa, har ta gamu da 'yar'uwarta a tsakiya. Tafiyarta a yini ba ta fi kaurin gashi kaɗan ba. In wurin ya bushe ba ta iya tafiya, in kuma babu zaren ba ta da abin kamawa.

Ta nuna bakin ciwon da ya naɗe. "Kin ga nan? Fata ce ta zo ta rasa wurin takawa, ta koma da baya. Abin da jikinsa ya shimfiɗa da rana, audugarki ta kama, da safe ki tumɓuke. Abin da ya saura ki bi da ruwan zafi."

Baba, da nake zaton ba ya ji, ya ce daga kwance, "Wadari ke nan." Wadari shi ne jan dogayen zarurruka da masaƙi yake fara yi kafin ya zauna saƙa, in babu shi ƙoshiya ba ta da inda za ta bi. Ya ce, "Ashe jiki ma sai ya yi wadari."

Mama diresa ta ce, "Ka fi ni iya faɗa, Baba. Me yake ci?"

Na lissafa mata abin da na hana shi. Ta riƙe baki ta ce, "Kin hana masaƙi auduga, kuma ɗan abin da ya samu ya ja kina warwarewa." Ta ce daga yau a ba shi ƙwai, wake, nono, nama in an samu, gyaɗa, da lemo, don da su jiki yake kaɗa zarensa.

Ban san yadda na miƙe daga durƙuson nan ba. Wata biyu cur ina tashi da asuba ina cin ƙafar ubana da hannuna, yana sa mini albarka. Na ji kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa, don kwana goma sha huɗu kawai suka rage a gyara ɓarnar kwana sittin.

Ta tambayi Baba ko yana da zare, ya laluba aljihu ya ciro, don bai taɓa rabuwa da shi ba. Ta gwada tsawon ciwon ta yanke, ta gwada faɗinsa ta yanke, ta maƙala guntayen biyu a jikin katinsa. Ta ce ranar da aka dawo su za a sake ɗorawa, in zaren ya fi ciwon tsawo an ci nasara. Sannan ta zuba ruwan gishiri mai sanyi a kai, zubawa kawai ba guga, ta shimfiɗa wani ƙyalle mai raga-raga da aka shafe da basilin, ta naɗe da bandeji. Ta dube ni ta ce, "Sai bayan kwana uku ni da kaina zan buɗe. Ko me kika gani, ko me kika ji, kada ki taɓa. Aikinki girki."

Na ɗauka wannan mai sauƙi ne. Ashe ban san kaina ba.

Aka kwantar da Baba a zaure, ƙafar a kan matashi biyu. Allurar da Mama diresa take yi masa ta karya zazzaɓin a kwana na uku, daga nan ta daina zuwa kullum. Na dafa wake, na soya ƙwai, Goggo tana gefe tana gunaguni wai za mu cika masa ƙafa da mugunya. Ni ma a raina ban gama yarda ba. Kullum idona yana kan bandejin. Rana ta biyu wani danshi ya fara ɓullowa ta jikinsa, rawaya-rawaya, ga wani ɗan wari da hancina kaɗai yake kamawa. Ƙudaje suka riƙa kewaya. In zauna da mafici ina korarsu, yatsuna suna motsi da kansu. Na share tsakar gida har ƙasa ta fara ramewa, na wanke tukwanen da ba a girka komai a ciki ba, duk don hannuna ya sami abin yi.

Duk ranar buɗewa Mama diresa takan zo bayan la'asar da 'yar jakarta. Ta jiƙa ƙyallen sosai har ya saki da kansa, ta ɗaga shi a hankali kamar mai ɗaga ɓawon dafaffen ƙwai. A buɗewa ta biyu ramin ya yi ja, ya yi gudaji-gudaji, farar yanar ta ɗan faɗaɗa. Na tambaye ta ko ya ragu. Ta ce, "Ban gwada ba, kuma ba zan gwada ba sai ranar. Ki bar shi ya yi tafiyarsa." Wannan amsa ba ta ba ni komai na riƙewa ba. In tsohon sojan nan ya wuce da sandunansa, sai in ga Baba ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace, ni kuma in shige madafa.

A rana ta goma aka yi ruwa tun safe, gari ya yi lumshi, warin ya fi na kullum. Danshin ya sauko har wajen idon sawu. Mama diresa ba za ta zo ba sai jibi. Na riƙa saƙawa ina kwancewa: in ruɓa ce fa ta gaske a wannan karon? In tsutsa ce ta shiga? In matar nan ta yi kuskure, ƙafar wa za a yanke, tata? Bayan azahar Baba ya kishingiɗa yana ƙailula, Goggo ta shiga ɗaki. Na ce a raina leƙawa kawai zan yi.

Na durƙusa na sassauta bandejin ta ƙasa, na ɗaga gefen ƙyallen. Ban jiƙa shi ba, don ina sauri. Ya ɗan riƙe, na ja. A ƙarƙashi na ga wani abu fari-fari mai yauƙi kwance a bakin ciwon. Na san abin da aka gaya mini, wallahi na sani, kalma bayan kalma. Amma hannuna ya riga ya kama bakin zanena, na shafa sau ɗaya. Farin ya biyo zanen, jini ya tsatso a wurin, faɗin farcen babban yatsa.

Na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da Baba. Ban san tun yaushe ya farka ba.

Ya ce, "Mayar ki rufe."

Na mayar na rufe. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Je ki duba wakenki, ina jin ƙauri." Ba wake a wuta a lokacin. Na tafi madafa na zauna a kan turmi, na duba bakin zanena, ga ɗan abin nan manne a jiki, bai kai ƙwayar shinkafa ba, aikin kwana goma.

Da Mama diresa ta zo ta buɗe, ta tsaya a kan wurin ta daɗe. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ba ta tambaya ba. Ta gyara ta rufe, ta ce, "Saura kwana biyu," ta ɗauki jakarta. Kwana biyun nan ban ci wani abin kirki ba. Ko na rufe ido gefen hannun likita nake gani a ƙasan gwiwa.

Ranar ta zo. Maƙwabta biyu suka tura amalanken, suka shigo har ɗakin likita tare da ni da Goggo. Aka kwance ƙafar. Mama diresa ta ciro zaren faɗi ta ɗora, ya zarce bakin ciwon da kamar ƙwayar wake. Likita ya gyaɗa kai. Ta ɗora na tsawo. Ta sama fata ta shigo sosai, har ta fara yin duhu, amma ta ƙasa, inda na shafa, wurin yana nan ja, ɗanye, ya ma ɗan ci baya. Likita ya sa yatsa ya nuna, fuskarsa ta canja, ya yi tambaya da ƙarfi.

Mama diresa ta ce, "Yana tambaya me ya sami nan."

Na san in na faɗa, a gaban Goggo da maƙwabta, kafin magariba duk Kumbiya-Kumbiya da Kagarawal sun ji, su haɗa da na wata biyun baya. Duk da haka na ja numfashi zan faɗa. Baba ya riga ni.

"Ni ne. Ƙaiƙayi ya dame ni cikin barci, na sa hannu na sosa."

Mama diresa ta dube shi, ta dube ni, sannan ta juya ta faɗa wa likita da Turanci. Daga yadda ya juya kan Baba yana kaɗa masa yatsa na san yadda aka faɗa haka ta fassara. Ya yi ta faɗa, dattijo mai furfura yana kwance yana cewa to, to. Daga ƙarshe ya rubuta wani abu a kati ya tura.

Ta ce, "Likita ya ce ba za a yanke ba. Ciwon yana tafiya." Goggo ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, maƙwabta suka hau hamdala. Ni kuwa na dafa bango. Mama diresa ta ɗaga hannu ta ce ba ta gama ba. "Ya ce tunda Baba ba ya iya riƙe hannunsa, duk lokacin da zai kwanta, dare ko rana, a sa masa safa a hannu biyu a ɗaure su wuri ɗaya, har ciwon ya rufe. In aka sake sosawa, ba ruwansa."

Ƙafar ta ɗauki wata uku kafin ta rufe. Ta bar tabo mai sheƙi, amma Baba ya koma masaƙarsa, ya taka ta har ƙarshen ransa. Sai dai ba wannan nake fara tunawa ba in maganar ta zo.

Da muka dawo gida a ranar, zaure ya cika da 'yan barka. Goggo ta ba kowa labari, tana yi tana dungurin iska wajen Baba: "Tsofai-tsofai da kai, yarinya tana wahala a kanka, kai kana susa kamar mai ƙazuwa!" Abokan saƙarsa suka yi ta dariya, wani ya ce a samo masa dabaibayi irin na jaki. Baba yana murmushi yana cewa ai ƙaiƙayi ba shi da babba. Da aka yi azahar ya ce zai ɗan kishingiɗa, Goggo ta jefo mini tsofaffin safar ƙanena da igiyar zane, mutane ba su ma gama watsewa ba.

Na durƙusa kusa da shi, na yi ƙasa da murya na ce, "Baba, bari in gaya musu."

Ya ce, "Ki gaya musu ubanki maƙaryaci ne?"

"To ba sai an ɗaure ba. Ai ba kai ba ne."

"An faɗa a gaban mutane. Sa mini."

Ya miƙo hannayensa biyu a haɗe. Na zura masa safar, ɗaya bayan ɗaya, hawaye suna ɗiga a kai. Na zagaya igiyar na yi ɗaurin zarge sako-sako, yadda ko yaro zai zare. Ya motsa hannun ya ga yana fita, sai ya sake miƙo mini.

"Ƙara tamkewa," in ji shi. "Goggonki za ta zo ta duba."

Na ƙara tamkewa. Haka na yi ta yi, sau biyu a rana, har wata uku.